Ranar da Na Je Damagaram Hana Yaron Tuƙa Jirgi

Ga waɗanda suke wurin a ranar, don kada gobe wani ya ce ƙari na yi. Akwai Alhaji Mutari mai shagon taya a Zango. Akwai Kumandan Ibro, tsohon matuƙin jirgi da ya ajiye aiki, yanzu yake koya wa masu cikakken ciki tuƙi. Akwai Zuwaira matar ɗana. Akwai ni, Habsu ta Gidimuni. Na biyar ɗan farina ne, kun san ba na kama sunansa. Mutane Likita suke ce masa don yana yi wa shanu allura. Ni yaron nake cewa, ko da yake furfura ta fara fito masa a gemu.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Maƙwabciyata Madam Hadiza ce take rubutawa ina faɗa, kuma na gaya mata in ta gama ta karanta mini, in na ji ta ƙara gishiri in yaga takardar. Ku matan unguwa kun ishe ni da “Inna Habsu, yaya kika baro Damagaram?” To ga shi, kowa ta nemi mai karanta mata.

Kun san mafarin abin, don a gabanku aka yi. A gidan suna wata ta turo mini waya har hanci, tana guɗa, wai barka, ɗana yana tuƙa jirgin sama. Na duba, ga shi da wani abu a kunne kamar an kifa masa ƙore biyu, yana dariya, ƙasa tana can nesa a ƙarƙashinsa. Na ce mata, “Na sani.” Ban sani ba. Ashe shekara biyu yana yi, su uku sun haɗa kuɗi sun sayi ƙaramin jirgi, ba don ɗaukar kaya ba, ba don neman abinci ba, don sha'awa kawai. Da na kira shi bai yi musu ba. Ya ce, “Inna, tsoro ya hana ni gaya miki. Amma in kin ce in bari, wallahi na bari.” Na ce masa maganar ba ta waya ba ce, ina tafe.

Daga Gidimuni zuwa Mirya

Ranar Asabar na yi asuba, na ɗaura rake da rogo daga lambu, na fita bakin kwalta gari bai gama wayewa ba. Raɓa ta sauka, sanyin tafki yana shiga ƙashi. Motar da ta tsaya farar bas ce da ta ga duniya, ƙofarta da igiya ake riƙe ta. Aparanti, yaron mota, ya ce jika ɗaya da rabi, rake kuma a biya masa nasa. Na ce, “Raken zama zai yi a kujera?” Ya ce, “Inna, nauyi ne.” Na ce, “Kai ma nauyi ne, nawa ka biya?” Direba ya ce a ƙyale tsohuwa. Aka ba ni gefen taga, kusa da wata mata da kaji uku.

Direban ya ce tafiyar kusan kilomita saba'in ce. Ni dai na san da can da jakai muke kwana a hanya, kuma ba mu taɓa tsayawa tura jaki ba. Wannan kuwa kafin Hamdara ta yi tari ta mutu, maza suka sauka suka tura. Ina zaune ina kallon su, a nan na gama ɗinka dabarata.

Bari in gaya muku ita tun yanzu. Ɗan fari ba a nuna masa so, ba a yi masa kuka a gaban mutane. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe, ni ko hannunsa ban taɓa riƙewa a hanya ba. Saboda haka ba zan je in tsaya gaban ƙatti in ce ina jin tsoron kada ya faɗo ba, bakina ba zai iya ba. Abin da zan ce shi ne ya sa ni a jirgin. In ya ce a'a, sai in ce ashe ka san abin kisa ne, na hana. In ya ce to, sai in ce wanda zai rataye uwarsa a iska cikin gwangwani ba shi da hankalin da za a bar shi ya tashi, na hana. Ko ta ina ya bi, ƙofa ɗaya ce.

A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da kardante, katin shaida. Yaron da ya karɓi tawa ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, “Inna, wannan ke ce?” Na ce, “Lokacin ina da haƙora.” Ya ce ina za ni. Na ce, “Zan je in sauko da wani daga sama.” Ya yi dariya ya miƙo mini, bai san gaskiya na faɗa masa ba.

Mirya

Mun shiga Mirya rana ta fito sosai. Direba ya ce minti biyar, ya je ya zauna gaban mai shayi ya miƙe ƙafa kamar wanda ya iso gida. Na sayi ƙosai na dala ashirin, manya biyu da ƙanana uku, mai ya yi musu yawa. Matar kaji ta tambaye ni ko asibiti za ni. Na ce lafiyata lau, marar lafiyar yana can yana jira na. Ta ce Allah ya ba shi sauƙi, me ke damun sa? Na ce ƙoshi.

Daga nan hanya ta gyaru, ba a jima ba duwatsun Damagaram suka bayyana, sun hau kan juna yadda na bar su. A tasha masu kabu-kabu suka yanyame ni. Na ce ban hau bayan namijin da ban sani ba ina budurwa, ba zan fara yanzu ba. Na shiga adaidaita, ya kai ni Sabon Gari har ƙofar gida.

Gidan Sabon Gari

Zuwaira ta tarbe ni, ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi rake. Yarinyar tana da ladabi, ba zan ci haƙƙinta ba. Amma ta kawo mini ruwa mai sanyin da ya buga mini kai, da taliya da kifin gwangwani, ni da na baro kifin tafki yana motsi. Famfonsu kuma ya kwana biyu bai kawo ba, jarka suke saye. Mutum yana da jirgin sama, ba shi da ruwan wanka.

Na ce, “Ke kin san yana tashi?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Na sani, Inna.”

“Kika yi shiru.”

“Ya ce shi zai gaya miki da bakinsa.”

“Ke ba ki jin tsoro?”

Ta ce, “Duk ranar da ya tashi ba na iya cin abinci sai ya kira.” Na ce to ai ga shi kin yi ƙiba, ashe ba kullum yake tashi ba. Ta yi dariya, idonta kuwa ya kawo ruwa. Na kau da kai.

Shi yaron yana daji wajen Tirmini yana allurar shanu, sai bayan la'asar ya shigo. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Ya tambayi lambu, ya tambayi ƙannensa mata, na ce kowa lafiya. Ya jira in ɗauko maganar, ban ɗauko ba. Na ce gobe zan ga abin da idona. Ya ce dama gobe suna da zama a filin jirgi da abokansa, za su zaɓi aplikasiyo. Na ce wace ce kuma haka? Ya ce ba mutum ba ce, wani abu ne da ake sawa a waya yana riƙe lissafin tashi da sauka. Na ce Allah ya kai mu. Aka shimfiɗa mini katifa mai laushin da ta sa ni ciwon baya, na janyo tabarma na kwanta a ƙasa.

Filin jirgi

Lahadi da hantsi muka fita a motarsa, ni da Zuwaira a baya. Filin yana bayan gari. Aka duba takardunmu a ƙofa, muka wuce wata rumfar kwano mai faɗi. A ciki na ga abin.

Ni da na ji an ce jirgi, na zaci irin na alhazai. Wannan kuwa fara ce aka hura. Kujera biyu ne a ciki, ƙafa uku kamar murhu, hanci da farfela. Na ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa ya yi ƙara kamar kwanon sha. An ɗaure fikafikansa da igiya a ƙasa. Na ce me ya sa? Kumandan Ibro ya ce don kada iska ta kifar da shi. Na ce, “Abin da iska take kifarwa yana tsaye, shi kuke kai mata har gida?” Tsohon ya yi dariya ya ce, “Hajiya, kin fi ɗalibaina tambaya mai kyau.” Na ce ban je Makka ba, kada ya ɗora mini abin da ban yi ba.

A gefen rumfar akwai tebur da kujerun roba. Alhaji Mutari yana zaune ya cika tasa har ta buɗe ƙafafu, waya uku a gabansa, turarensa ya riga shi gaishe ni. Na ukunsu da suka haɗa kuɗin yana Yamai, ya ce duk abin da suka zaɓa ya yarda. Aka ba ni kujera, aka ba ni lemo. Na zauna na zuba ido.

Ga abin da na fahimta, don Kumandan ya yi mini bayani da Hausa mai kyau. Kowane matuƙi yana da littafi, karne suke ce masa. Duk tashin da ya yi sai ya rubuta: ranar, daga ina zuwa ina, tsawon lokacin da ya yi a sama, sau nawa ya sauka. Da shi ake sabunta wa mutum permi, takardar izinin tuƙi, in babu shi kamar bai taɓa tashi ba. To na Alhaji ya kwana a mota da taga a buɗe ranar da aka yi ruwa, ya koma kunu. Shi ya sa suka ce a koma waya, kuma kowa ya yi amfani da iri ɗaya.

Jama'a, na ga zaɓen amarya, na ga cinikin saniya, ban taɓa ganin maza sun ɓata safiya irin wannan ba. Wata aplikasiyon sun ce tana da kyau amma sai da rezo, wato sabis ɗin waya, take aiki. Kumandan ya ce, “In ka sauka a daji ka hau bishiya ka rubuta ke nan?” Aka yar da ita. Wata kuma duk shekara sai an biya ta, in ka fasa ta rufe maka lissafinka. Na ce wannan ai ba littafi ba ne, mai gidan haya ne. Wata da Turancin Ingila kaɗai take magana. Wata ba ta iya fitar da abin a takarda, alhali ofishin Yamai takarda suke so su gani da sa hannu. Shi Kumandan kowace aka ɗauko sai ya yi tsaki ya shafa tsohon karnensa mai baƙar fata, ya ce wannan bai taɓa ce masa caji ya ƙare ba. Alhaji ya ce, “Bai taɓa kwana a ruwa ba ne.” Kumandan ya ce, “Mai shi bai taɓa barin taga a buɗe ba ne.”

Har rana ta take, saura biyu. Yaron ya kwana uku yana zuba lissafinsa a cikin kowace don a gwada.

Ta farko ita Alhaji yake so. Kyauta ce, tana da launi, tana zana maka taswirar inda ka je ka tura wa mutane su gani. Abin da ka rubuta shi ne, in ka ga dama gobe ka goge ka sake. Komai a cikin wayar yake zaune. Zuwaira ta yi ƙarfin hali ta ce, “In wayar ta faɗa rijiya fa?” Alhaji ya ce, “Amarya, wa zai kai waya rijiya?” Na ce, “Wanda ya kai littafi ruwan sama.” Bai ƙara kallon wajenmu ba.

Ta biyu ba ta da kwalliya, sau ɗaya ake sayen ta. Tana aiki ko babu rezo, in ta samu sai ta ajiye kwafi a wani wuri. In malami ya sa hannu da yatsa a kan tashi, ta kulle shi ke nan, ko mai wayar ba ya iya taɓawa. Alhaji ya ce, “Ni da kuɗina in sayi abin da zai kulle ni? Likita, wannan ai surukuwa ce.” Ya tuna ina wurin, ya ce, “Ban da ke, Inna.” Na ce ci gaba, ina ji.

Na ga in na bar su za su kai magariba. Na ajiye lemon, na miƙe, na gyara mayafi. Na ce, “Kai.” Yaron ya taso. Na ce, “Kwance igiyar nan. Ka sa ni a ciki, ka kai ni in ga tafkin Gidimuni daga sama, ka dawo da ni. Yanzu.”

Zuwaira ta dafe ƙirji. Alhaji ya buga tebur ya ce, “Allahu akbar! Inna ta fi mu zuciya! Likita, tashi, mai yana ciki, iska ta kwanta.” Ni kuwa ina kallon bakin yaron, ina jiran ko a'a ko to, kowace ta fito na riga na tanadi amsarta.

Bai ce ko ɗaya ba. Ya ɗauki wayarsa, ya buɗe ta biyun nan marar kwalliya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo mini da ita. Ban iya karatu ba, amma na san ja. Wani layi ne ja wur a saman gilashin.

Ya ce, “Inna, doka ce, ba a ɗaukar mutum sai matuƙi ya tashi ya sauka sau uku cikin wata ukun da suka wuce. Jirgin ya daɗe a wajen gyara, ni kuma ina daji. Biyu gare ni. Na ukun ya fita daga lissafi tun makon jiya, ni ban ma lura ba, ita ta nuna. Ki ba ni izini in tashi ni kaɗai in zagaya in sauka, sai in ɗauke ki.”

Na ce, “Ƙafarka ba ta shiga abin nan ba tare da ni ba. Ko da ni, ko babu.”

Kumandan ya ce, “To ni in kai ki, nawa lissafin a cike yake.”

Na ce, “Kai na haifa?”

Ya koma ya zauna.

Sai Alhaji ya jawo yaron gefe, wai yana rage murya, muryar da ake ji daga bakin ƙofa. Ya ce, “Kai wane irin mutum ne? Buɗe ɗayar. Ka ga ta nuna wani ja? Ba ta nuna komai. Saukar nan da ta fita, matso da ranarta gaba da mako guda, shi ke nan ta zama uku. Hannunka ya manta tuƙi cikin kwana bakwai ne? Tsohuwa ta taso tun daga Gidimuni. In ka ƙi ta yau, wallahi hana ka za ta yi, ka ja mana asara, wa zai sayi kasonka?”

Alhajin nan bai yi kama da mai hankali ba, amma ya karanta ni daidai. Na dubi Kumandan, ya sa ido a kan karnensa. Shi ma jira yake ya gani.

Yaron ya tsaya da waya a kowane hannu, tasa da ta Alhaji. Na san tsayuwar nan. Haka yake tsayawa yana ƙarami in kakarsa ta aike shi ya tarar ana wasan langa a hanya. Ya miƙa wa Alhaji tasa. Ya zo gabana ya tsuguna, a gaban abokansa, gwiwarsa a kan man inji.

Ya ce, “Inna, yau ba zan ɗauke ki ba. Jirgin lafiyarsa lau, ni ne ban cika ba. In don wannan za ki hana ni, ki hana.”

Na buɗe baki in ce ashe ka san abin kisa ne. Maganar ta ƙi fita, don ba haka ya ce ba. Ɗayar ma ba ta da wurin shiga. Na yini a mota ina ɗinka riga, aka zo sawa babu wuya.

Na ce, “Wacce za ka saya?”

Ya ce, “Mai jan.”

“Wadda ta kunyata ka gaban uwarka.”

“Ita.”

Alhaji ya ce shi bai yarda ba, a yi ƙuri'a. Kumandan ya ce babu wata ƙuri'a, shi ba zai sa hannu a abin da ake gogewa bayan ya juya baya ba, wanda yake son mai launi ya nemi wani malamin. Alhaji ya tattara wayoyinsa uku yana cewa an haɗa masa kai da tsofaffi. Kujerar ta biyo shi da ya miƙe, sai da Zuwaira ta juya baya don dariya.

Na ce wa yaron, “Shekara arba'in ina ce maka kada ka yi, a kyauta, kana ɓoye mini. Yau ka sa kuɗi ka sayi mai ce maka kada ka yi. Ka saya wa kanka uwa a waya.”

Ya ce, “Ita ba ta yi mini addu'a.”

Na ce, “Tashi, wandonka ya ɓaci.”

Komowa

Na ƙi komawa Sabon Gari, na ce a wuce da ni tasha. Muka shiga motarsa, ni a baya. Ina kallon ƙeyarsa, ina tunanin abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu da Madam Hadiza take rubutawa: ni ina ƙasa. Ko na bar shi, ranar da zuciya ta ce masa taso, ba komai, ba ni a can. Abar nan mai jan ido tana cikin aljihunsa. Ban ce ina son ta ba. Abin da ba ya gaisuwa, ba ya cin tuwo, ban ga abin so a jikinsa ba. Amma na ga an ba shi wadda za ta yi masa shiru, ya ƙi.

A tasha ya biya mini kujerar gaba, ya sayo burodi da sukari da ganyen shayi ya sa a jakata. Ya tsaya a bakin taga.

Ya ce, “Inna, ba ki ce komai ba.”

Na ce, “Da yaushe kake son yin saukar taka?”

“Gobe da hantsi, in kin yarda. In na cika, sai in miƙa ni kaɗai har kan tafki in juyo.”

Na ce, “In ka ji kirana kafin hantsi, ka sayar da kasonka, kada in ƙara jin maganar. In ba ka ji ba, kai ka sani.”

Ya ce to. Direba ya tayar, ban waiwaya ba. A madubi na ga yana tsaye har muka sha kwana.

Wannan motar ta fi ta zuwa lafiya, sai dai direban yana gudu kamar an ce masa gidansu ya kama wuta. Na ce masa ya rage, akwai masu sauran aiki a duniya. Ya ce, “Inna, tsoro kike ji?” Na ce, “Ɗana jirgin sama yake tuƙawa, bai kai ka rawar kai ba.” Ban san lokacin da ta fito ba. Duk motar aka juyo ana kallo na, wani yana cewa ma sha Allah. Na ja mayafi na rufe fuska har Mirya. A shinge jandarman jiya ne, ya gane ni, ya ce, “Inna, kin sauko da shi?” Na ce, “Duba takardarka ka ba ni.”

Mun iso Gidimuni ana kiran magariba, shanu suna dawowa daga bakin tafki. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna. Na gode wa Zuwaira da hidimarta, ko da yake taliya ba abinci ba ce. Na gode wa Kumandan Ibro, tsoho ne mai kunya. Alhaji Mutari kuma Allah ya ƙara masa kujera mai ƙarfi.

Washegari

Na yi asuba, na zauna a kan buzu da wayar a gabana. Cajinta a cike, Zuwaira ta cika mini. Lambarsa ita ce ta farko, dannawa ɗaya ce. Na ja carbi, na dube ta, na ƙara jan carbi. Rana ta fara taɓa kan danga.

Na tashi na leƙa gidan Madam Hadiza, ga ta nan tana rubutawa, ta shaida. Na ce in za ta lakwal ta biya ta ajiye mini wayar a shagon mai caji, sai yamma a karɓo. Ta duba ta ce, “Inna, ai a cike take.” Na ce, “Aikenki na yi, ko duba?” Ta sa a jaka ta tafi.

Na dawo na buɗe adaka. Na fito da jan zanen nan mai faɗi da ban ɗaura ba tun bikin auta, da mai ruwan ƙwai, da farin mayafin sallar idi. Na share tsakar gida, na shimfiɗa su a fili inda babu inuwar dabino, na danne kowace kusurwa da dutse. Wadda ta leƙo ta katanga ta ce, “Inna Habsu, wanki da sassafe haka, ga shi kuma ban ga ruwa a jikinsu ba?” ta san kanta. Na ce mata warin adaka suke yi, iska nake ba su.

Sannan na ɗauko kujerata na zauna a bakin rumbu, na fuskanci yamma, wajen Damagaram, ina tsince wake.